Sista Rebecca da Katin Asibiti

A Gyadi-Gyadi, in ka ce Rebecca Luka kake nema, da wuya a gane wadda kake nufi. Sista ake ce mata, ba a ƙara komai. Gajeruwa ce kakkaura, mai saurin tafiya, kullum da baƙar jaka a kafaɗa, a cikin jakar kuma ba a rasa abin gwajin hawan jini da almakashi da guntun goro. Ta yi shekara ashirin da 'yan kai tana aiki a ƙaramin asibitin unguwa, kuma da yawa daga cikin samarin da ke acaɓa a titin Zariya a hannunta suka yi kukansu na farko.

An haife ta a wani ƙauye kusa da Zonkwa, mahaifinta manomin citta ne. Ta koyi jinya da ungozomanci a asibitin mishan, ta auri Luka, malamin firamare, aiki ya kawo su Kano tana goyon 'yarta ta fari, Faith. Suka kama haya a Gyadi-Gyadi, katanga ɗaya tsakaninsu da gidan wani direba mai suna Tanko, wanda bai daɗe da kawo amaryarsa Binta daga Sumaila ba. Matan biyu baƙi ne a birni, don haka suka riƙe juna. Binta ce ta koya mata tuƙa tuwon shinkafa ba gudaji, ita kuma ta koya wa Binta faten acca. Haihuwa biyar Binta ta yi, duk Sista ce ta karɓa.

Luka ya rasu a zamanin soja, lokacin da asibiti ya zama wurin rubuta takarda kawai. Likita ya duba ka, ya rubuta, ya nuna maka hanyar kyamis. Ciwon suga ne da Luka, kuma da abubuwa suka yi tsanani sai ya riƙa rage allurarsa a ɓoye don ta kai shi ƙarshen wata. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, gida ɗaya suke kwana, amma ba ta gane ba sai da ƙafarsa ta kumbura ta yi baƙi. Ba ta taɓa yafe wa kanta wannan ba. Tun daga nan, in ta ga mara lafiya yana jujjuya takardar likita a hannu yana kallon ƙasa, ta san abin da yake shirin yi.

Da soja suka koma bariki aka yi zaɓe, ta tsaya a layi tun safe har azahar ta jefa ƙuri'arta. Ba ta da jam'iyya. Abin da ta sa a rai kawai shi ne farar hula na da kunne, in an yi kuka za su ji.

Wajen shekara shida bayan haka aka tura ta wani taron bita na kwana uku. A can ta ji bayanin inshorar lafiya, kuma aka ce unguwarsu na cikin wuraren da za a gwada abin. Bayanin ba shi da wuya. Kowane gida zai riƙa zuba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba duk wata, gwamnati ta ɗora nata, duk wanda ciwo ya kama ya nuna kati a duba shi a ba shi magani, ko akwai wani abu a aljihunsa ranar ko babu. Sista ta zauna a kujerar gaba tana rubutu har yatsunta suka yi tsami. Ta dawo da kwali cike da fom, ta shiga gidan Binta tun kafin ta shiga nata.

"Maman Anas, abin da muka daɗe muna roƙo ya zo," ta ce wa Binta. "Maganin jininki ba zai ƙara yankewa ba."

Binta tana da hawan jini tun haihuwarta ta ƙarshe, kuma irin shan maganin da take yi ke nan: mako biyu akwai, mako uku babu. Ta ɗauki fom ɗaya ta juya shi, ta ce Allah ya sa gaskiya ne, bari maigida ya dawo.

Ranar ƙaddamarwa abin ya fara lalacewa. Kansilan mazaɓar a lokacin wani matashi ne mai suna Ɗanladi, ɗan jam'iyyar da ke mulki. An kafa rumfuna a gaban asibitin, an kawo makaɗa, an jera kujeru. Da aka buɗe kwalin katunan da za a raba, Sista ta ɗauki ɗaya ta duba. An buga katin da launin tutar jam'iyya, ga hoton Ɗanladi a baya yana murmushi ya ɗaga hannu.

Ta same shi a bayan rumfa yana gyara hula.

"Honorabul, wannan hoton fa? Katin asibiti ne."

"Sista, wa ya yi ta safa da marwa har aka sa unguwar nan a ciki? Ai dole mutane su san wanda ya yi musu aiki."

"Rabin unguwar nan ba sa tare da ku. Mutum ba zai sa hotonka a aljihunsa ba, ko da ciwo zai kashe shi."

Ɗanladi ya yi dariya, ya ce wanda ciwo ya kama ba ya duba bayan kati. Da ya karɓi lasifika kuwa, minti biyu ya yi a kan lafiya, sauran rabin awa ya ƙare shi a kan 'yan adawa, ya ce su da suka yi shekaru suna surutu ko ƙwayar maganin ciwon kai ba su taɓa kawo wa kowa ba.

Amsar ba ta daɗe ba, kuma daga maƙwabcinta ta fito. A lokacin Tanko ya bar tuƙin Kano zuwa Jos saboda ciwon baya, ya koma abin da ake kira sojan baka, wato masu shiga rediyo su yabi ubangidansu a siyasa su caccaki abokin hamayyarsa. Ubangidan Tanko shi ne Alhaji Bello, wanda Ɗanladi ya kayar a zaɓen baya. Tanko kuwa Allah ya yi masa baki. Yana da murya, ya iya ba'a, in ya fara magana har masu shayi sukan ƙara sautin rediyo.

Da yammar ranar Sista tana tsince shinkafa a tsakar gida sai ta ji muryarsa. Ya ce wannan ba inshora ba ce, haraji ne ya saka farar riga. Ya ce an soke harajin kai tun tuni, yanzu an dawo da shi ta ƙofar asibiti. Washegari ya ce caca ce, ka zuba ka jira ciwo ya kama ka, in bai kama ka ba an cinye ka. A rana ta uku ya ce sunaye da adireshin da ake rubutawa ba don magani ba ne, don a yi amfani da su ne a murɗe zaɓe mai zuwa.

A makon farko gida saba'in suka yi rajista. A mako na biyu, tara. Wasu ma dawowa suka yi suna neman a goge sunansu.

Sista ba ta zauna ba. Tana tashi daga aiki sai ta ɗauki jakarta ta bi gida-gida, daga Gyadi-Gyadi har cikin Tarauni, wata rana har Unguwa Uku. Ana karɓarta da mutunci, a shimfiɗa mata tabarma, a kawo ruwa, a saurare ta har ta gama. Sannan a tambaye ta, da murmushi, ita yanzu ta Ɗanladi ce? In ta ce ita ba ta kowa ba ce, sai a ce to ai shi ke nan, za a yi shawara. A gidajen magoya bayan Ɗanladi ma ba daɗi ta ji ba. Su sun karɓi katin hannu bibbiyu, amma da yawansu sun ɗauka kyauta ce ta 'yan jam'iyya, in ta yi maganar zubin wata sai su ce su da suka sha rana a kamfen za a ce su biya?

Ta je wurin limamin unguwa, Malam Isyaku, dattijo mai natsuwa wanda ta yi jinyar matarsa. Ya sa tabarau, ya sa aka karanta masa takardar daga farko har ƙarshe, ya yi tambayoyi masu ma'ana. Ya ce shi bai ga caca a nan ba, taimakekeniya ya gani, kuma addini bai hana taimakekeniya ba.

"To Malam, da za ka faɗi haka a masallaci, da an huta."

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen rawani.

"Sista, mutanen Bello suna bayana a sahu, mutanen Ɗanladi suna bayana. In na buɗe baki a kan katin nan, gobe rabin sahun sun koma wani masallacin. Da ba a sa hoton ba, da na faɗa."

Ta ɗauka ko a coci za ta samu sauƙi. Ranar taron zumuntar mata ta tashi ta yi bayani. Wata malamar makaranta mai suna Esther ta ɗaga hannu, ta ce su ma'aikata sun san yadda ake yi, yau a ce ɗan kaɗan za a cire a albashi, gobe ka je asibiti a ce magani ya ƙare. Wata dattijuwa kuma ta ce, a hankali, ita bayan tashin hankalin da aka yi a garin nan ba za ta rubuta sunanta da lambar gidanta da yawan 'ya'yanta a takardar da ba ta san hannun da za ta faɗa ba. Sista ta tuna ita ma ta kwana uku a ɓoye a gidan Binta a wancan lokacin.

Sista ta tari Tanko a majalisarsu ta bakin titi, wata ranar Asabar da hantsi, yana zaune a benci da abokansa.

"Malam Tanko, ka karanta takardar nan kuwa?"

"A'a Sista, sannu da zuwa. A ba ta wuri."

"Ba zama na zo yi ba. Ka karanta?"

Ya taso ya ja ta gefe, ya rage murya. Ya ce bai karanta ba, kuma ba ya bukata. Ya ce shi ya san ba za ta kawo abin cutarwa ba, amma ta gane, in abin nan ya yi kyau Ɗanladi ya ci zaɓe ke nan har abada.

"Siyasa ce, Sista. Kada ki sa a ranki."

"Jinin matarka ɗari da tamanin na auna shekaranjiya. Shi ma siyasa ne?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce matarsa shi ya san yadda zai kula da ita, kuma katin da ke ɗauke da fuskar yaron nan ba zai shiga gidansa ba.

Abin da Sista ta yi bayan wannan shi ne abin da ta fi nadama a aikinta. Binta ta zo asibiti wata safiya da jiri, idanunta sun yi ja. Sista ta rufe ƙofa, ta ce mata ta bari a yi mata rajista, katin ya zauna a aljihun tebur, ba wanda zai sani. Binta ta ce tana tsoro. Sista ta matsa mata har ta dangwala yatsa. Wata huɗu Binta tana shan magani ba fashi, jirin ya tafi, har ta koma yin taliyarta ta sayarwa.

Sai wata rana mutanen Ɗanladi suka zo asibiti, suka ce Honorabul yana son ganin littafin rajista don ya san yadda aiki ke tafiya. Sista tana ɗakin haihuwa. Mai kula da katuna ya miƙa musu. Da yammar nan sojan bakan Ɗanladi ya shiga rediyo yana ƙyaƙyata dariya, ya ce yana da albishir ga masu sauraro: mutumin da ke cewa inshora caca ce, uwargidansa ta fi kowa iya cacar, ga lambar katinta, ga ranar da ta yi rajista. Ya kira sunan Binta sau uku.

Sista tana jin hayaniyar ta bayan katanga. Tanko bai taɓa dukan matarsa ba, ranar ma bai yi ba, amma ya yi rantsuwa cewa in ta ƙara taka asibitin nan a bakin aurenta. Kwana biyu bai fita majalisa ba saboda kunya. Sista ta je ofishin Ɗanladi, ta tsaya a gaban teburinsa, ta ce sirrin mara lafiya amana ne, abin da suka yi ko a zamanin soja ba a yi ba. Ya ba ta haƙuri da baki, ya ce yara ne suka yi zumuɗi, amma ta lura yana danne dariya.

Binta ta daina shigowa gidanta. In sun haɗu a hanya sai gaisuwa a tsaye. Sau biyu Sista ta aika mata magani ta hannun Rukayya, babbar 'yar Binta, sau biyu aka dawo da shi. Tanko yana sayo mata a kyamis in ya samu hali, in bai samu ba a jira. Wata bakwai bayan haka, Binta tana shanya taliya da rana ta yanke jiki ta faɗi. Rukayya ce ta shigo da gudu ba mayafi tana kiran Sista. An ceto ranta a babban asibiti, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace.

Ba wanda ya ba Sista izinin komawa gidan, ba ta kuma nema ba. Kullum bayan aiki sai ta shiga, ta zauna a bakin katifa, ta riƙa miƙe hannun Binta tana naɗewa. Tanko in ya gan ta sai ya sunkuyar da kai ya fita.

Da zaɓe ya zagayo, jam'iyyar su Alhaji Bello ta yi nasara, shi kuma ya zama kansila. Makonsa na biyu aka zo aka kwashe katunan da littattafan rajista, aka ce an dakatar da shirin sai an yi bincike. Gidaje ɗari biyu da wani abu da suka jure suna zubi suka wayi gari katinsu bai da amfani, kuma Sista suke tarewa a hanya suna tambaya, don ita suka sani. Har sai da ta canza hanyar zuwa aiki.

Bayan wata goma aka sake kafa rumfuna a gaban asibitin. An kawo sabon shiri, in ji su, mai sabon suna, ba irin na azzaluman baya ba. Sista ta karɓi takardar ta karanta. Ita ce dai ta da, har kuskuren rubutun da ke shafi na uku yana nan. Katin kawai aka sauya wa launi, aka sa hoton Alhaji Bello. Shugaban kwamitin wayar da kan jama'a kuma Tanko. A wannan makon sojan bakan Ɗanladi ya shiga rediyo ya ce jama'a su yi hattara, an kawo musu haraji ta ƙofar asibiti.

Tanko ya zo ya same ta a ƙofar gida da sabuwar shadda, amma ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce mutane sun ƙi fitowa, sun ce an taɓa cutarsu. Ya ce maganarta kawai za su ji, ta taimaka ta zo rediyo.

Abubuwa da yawa sun zo mata baki, ta haɗiye su saboda matar da ke kwance a bayan katanga.

"Zan zo," in ji ta. "Amma abin da na sani zan faɗa."

"Shi muke so, Sista."

Ta saka farin kayanta na aiki ta je. Aka zaunar da ita a wani ɗan ɗaki mai sanyi, ta yi magana kusan minti ashirin. Ta ce shirin yana da kyau, da can ma yana da kyau, don abu ɗaya ne. Ta ce a cire hoton kowa daga kati. Ta ce a fara da mutanen da suka yi zubi a baya aka watsar da su, a nemi gafararsu. Ta ce littafin marasa lafiya ba na kansila ba ne, kowace jam'iyya yake. Ta ba da labarin Luka, abin da ba ta taɓa yi a bainar jama'a ba, ta tsaya ta sha ruwa ta ci gaba.

Ba kai tsaye ake watsa shirin ba, ɗauka ake yi, kuma masu biyan kuɗin fili su ke zaɓar abin da zai fita. Washegari da yamma ta zauna da rediyonta a cinya. Tanko ya yi dogon yabo ga Alhaji Bello, sannan ya ce ga Sista da kowa ya sani. Sai ta ji muryarta tana cewa shirin yana da kyau, kowa ya fito ya yi rajista. Daga nan aka saka kiɗa. Ko minti ɗaya ba ta cika ba. Da safe a hanyar aiki wata mata ta ce mata ashe Sista an koma wajen Bello, Allah ya sanya alheri.

Duk da haka ita ta yi wa mutane rajistar. Ta sake bin gidajen da ta bi a baya, wasu suka karɓa, wasu suka rufe mata ƙofa a fuska, ciki har da waɗanda da can suka fi kowa rawar ƙafa. Na Binta kuwa, Tanko da kansa ya kawo fom ɗin, Rukayya ta riƙe hannun hagun uwarta aka dangwala.

Shekara biyu bayan haka Sista ta yi ritaya. Faith, wadda ke aure a Jos, ta yi ta roƙonta ta komo kusa da su, ta ce sai ta ga yadda jikin Binta zai yi. Shirin ya ci gaba da tafiya da ɗingishi, wata a samu magani, wata a ce ba a turo ba, kuma duk zaɓe sai an sake faɗa a kansa. Binta ta fara takawa da sanda, tana iya cewa "Sista" da "ruwa" da sunayen 'ya'yanta. Tanko ya bar rediyo bayan sun ɓata da Alhaji Bello a kan wata kujera da aka yi masa alkawari ba a ba shi ba, yanzu lodin motoci yake yi a tashar Unguwa Uku. Shi da Sista suna gaisawa. Ba su taɓa tayar da maganar ba.